Filasta a Ƙirjin Ciyaman

A tashar adaidaita sahu ta Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda ya taɓa ganin haƙoran Baba Zakariyya. Ana dai kyautata zaton yana da su, tunda yana cin goro.

Shi ne ciyaman na tashar. Daga Garko ya shigo Kano yana saurayi, ya yi yaron mota, ya yi direban bas, da shekaru suka ja ya sayi adaidaita ya zauna a kanta. Samarin da yake shugabanta yawancinsu jiya-jiya suka jingine fartanya a ƙauye, kullum cikin rigimar wa ya tsallake layi, wa ya ɗauke fasinjan wa. Baba Zakariyya ba ya ɗaga murya. Kallo ɗaya yake yi, mai gaskiya da marar gaskiya duk su ba da haƙuri. Hikimarsa ta mulki guda ce: shugaban da ya yi dariya yau, gobe shi za a yi wa. Na karanta littattafai masu kauri a kan shugabanci, ban ga wanda ya wuce wannan ba sai da tsawon bayani.

Da damina ta yi tsakiya ƙirjinsa ya kama. Tari da sarƙewar numfashi, har aka kwantar da shi a asibitin koyarwa, inda 'yarsa Rukayya take aikin nas. Rukayya 'yar fari ce, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Tana ƙarama "ke" yake ce mata. Ranar da ta sa fararen kaya ya samu sauƙi, ya koma ce mata Sista kamar kowa.

Ranar sallama ta tsaya a bakin gadonsa da makullin adaidaitar a hannunta.

"Baba, tuƙi ya ƙare. Na gyara maka ɗaki a gidana a Babban Giji. Ga fanka, ga talabijin, ga jikokinka."

"Ga maƙabarta kuma in an ɗan miƙe gaba," in ji shi.

"In numfashinka ya ɗauke kana tsakiyar titi fa, da fasinja a baya?"

"Sista, ba ni makullina."

'Ya'ya suna da wata irin ƙauna da take farawa da karɓe makulli. Wanda matarsa ta riga shi tafiya ya fi kowa saninta, don ba shi da mai tare masa faɗa. Matar Baba Zakariyya ta daɗe da rasuwa.

Likitar ƙirji ce ta raba gardamar. Ta ce akwai wani gwaji da suke yi tare da masu bincike daga jami'a, wata filasta da ake liƙa wa marar lafiya ya tafi gida da ita, tana lura da numfashinsa dare da rana. In filastar ta nuna numfashin Baba daidai yake, ya ci gaba da tuƙi. In ta nuna yana sarƙewa, makulli ya koma hannun Rukayya, shi kuma ya koma Babban Giji. Su biyun suka yarda, kowa yana ganin shi zai ci.

Wanda ya kawo filastar wani matashi ne, Injiniya Abdulmalik, siriri mai tabarau, irin mutanen da suke son aikinsu har su manta ba kowa yake son sa ba. Abin da ya fito da shi bai fi faɗin yatsu biyu ba, baƙi-baƙi, yana lanƙwasa kamar ganye.

"Baba, ka san baƙin abin nan da ke tsakiyar fensir?"

"Ban yi boko ba, amma na sha ganin fensir a kunnen kafinta."

"To in aka yi ta ɓare wannan baƙin, ana ɓarewa, har a kai inda babu sauran abin ɓarewa, shi ake kira girafin. Fatar albasa katifa ce a kansa. Mun shimfiɗa shi a cikin wannan roba, wuta 'yar mitsitsiya tana bi ta ciki. In ka ja numfashi, ƙirjinka ya buɗe, filastar ta miƙe, sai wutar ta ragu. In ka saki, ta dawo. Wannan ɗan maɓallin yana gaya wa wayar da ke aljihunka, wayar kuma ta gaya mana."

"Wato munafuki za ku manna mini a ƙirji."

"Shaida dai, Baba."

"Duk munafuki haka yake kiran kansa. Wanka fa?"

"Yi abinka, ruwa ba ya yi mata komai."

Aka manna ta a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Abdulmalik ya nuna masa allon wayarsa, wani layi yana hawa yana sauka a natse kamar tozon raƙuma a jere. Baba Zakariyya ya kalli numfashinsa na tsawon lokaci, bai ga abin burgewa ba, ya karɓi makullinsa ya fita.

Akwai fasinja ɗaya da ba ta bin layi a wajen ciyaman. Kullum bayan La'asar yakan bar tasha ya je bakin asibiti ya ɗauko Hajiya Husaina, mai sayar wa masu jinya kunun gyaɗa da faten wake, ya kai ta gida Ƙauyen Alu da kulolinta. Ranar Juma'a kaɗai take hutu. Husaina 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, don haka bisa al'ada bawanta ne, kuma tun suna yara a Garko ba ta bari ya manta ba. Gajeriya ce mai ƙiba, mijinta ya rasu, bakinta bai rasu ba.

Ranar da ya koma aiki ta hau baya ta gyara zama tsakanin kuloli.

"Bawana, ja mu je. A hankali dai, kayan gadona ne kai, kada ka ƙara lalacewa. An ce an yi maka faci."

"Filasta ce ta likita."

"Faci ne. Duk abin da iska ke fita aka liƙe, faci ne. Sun tsoma ka a ruwa sun ga inda kumfa ke tashi, ko da ka suka yi aikin?"

Ya sa giya.

"Da ni suka tambaya, da na ce ba a ƙirji hujin yake ba. Amma mene ne nawa? Wannan fuska taka dai ba facin da zai gyara ta. Ka leƙa ƙwaryar madara nan take ta zama kindirmo. Bafulatanar unguwarmu ma ta ce in tambaye ka ko kana haya."

Daga nan sai ta gangaro kan talotalo. Wannan labari ne mai shekaru. Suna yara, talotalon mahaifinta, wanda kowa a gidan ke kira Kawu, ya biyo Zakariyya da gudu, ya faɗa rumbu da ka, ƙafafunsa suka rage a waje suna harbin iska. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma a bakin Husaina talotalon ƙara girma yake kullum. Ya kai tunkiya, ya kai jaki, akwai ranar da ya yi magana.

"Na je gida biki, jikokin talotalon nan suna gaishe ka. Sun ce gaba ta wuce, ka zo a yi zumunci. Sun rushe rumbun ma don hankalinka ya kwanta."

Abin da Husaina ba ta sani ba, abin da duk Kano ba ta sani ba, shi ne Baba Zakariyya dariya yake yi. Kullum yake yi. Sai dai ya ƙware wajen haɗiye ta. Yakan datse haƙora, ya riƙe numfashi, ya kafe ido a kan titi, dariyar ta yi ta dukan haƙarƙarinsa daga ciki kamar akuya a buhu. Babbar rigarsa tana rufe komai. Titi cike yake da yaransa, ko'ina ya juya ga ɗan sahu yana ɗaga masa hannu, ba zai yarda a ga ciyaman yana wage baki ba. Ita kuma Husaina ƙeyarsa kawai take gani, tsayayya kamar turmi. Shi ya sa ba ta fasa ba. Tana ganin har yau ba ta ci ba.

Ya ɓoye wa birni guda. Bai yi lissafi da abin da ke manne a haƙarƙarinsa ba.

Ba a daɗe ba aka kira shi asibiti. Likita da Rukayya da Abdulmalik suna zaune, fuskokinsu irin na masu shirin gaya wa mutum abin da suka riga suka gaya wa juna. Abdulmalik ya juyo masa da allo.

"Baba, duba nan. Safe lafiya, rana lafiya, barcinka ma ya fi nawa. Amma ga wannan."

Raƙuman nan masu tafiya a jere sun watse. Layin ya tsaya cak, sannan ya hau karkarwa kamar inda kaza ta yi tono.

"Numfashinka yana tsayawa, ƙirjin yana fizga. Kullum bayan La'asar. Na zaci ramukan titi ne, na manna wa kaina filasta na hau adaidaita har Ƙauyen Alu, na dawo da ciwon baya, amma ba irin wannan zanen ba ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba ya zuwa ranar Juma'a."

"Ciwo mai zuwa masallaci," in ji likita, ba tare da ta ɗago ba. "Baba, me kake yi a wannan lokacin?"

Baba Zakariyya ya gane tun kafin a rufe baki. Ya dubi zanen, ya ga faci, ya ga kindirmo, ya ga talotalo tsaye a kan allo da tsayinsa. Ya dubi 'yarsa ta fari.

"Tuƙi," in ji shi.

"Ba ka jin komai?"

"Ina jin ƙarar inji."

Aka yanke cewa Rukayya za ta bi shi ta gani da idonta. Kafin ranar sai ta yi abin da kowace 'ya ta gari za ta yi, ta je ta samu Husaina a bakin asibiti ta gaya mata komai: Gwaggo, numfashin Baba yana ɗaukewa a daidai lokacin da yake kai ki gida, a taya mu lura da shi. Husaina ta saki ludayi a cikin kunu. Ta tuna duk abin da ta gaya wa mutumin da ashe yake fama da ransa a gabanta, ta ji kunya ta rufe ta.

Da La'asar ta yi ta hau baya kusa da Rukayya, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Sannu, Malam Zakariyya. Ya ƙarfin jiki?"

Ya waiwayo don ya ga ko wata ya ɗauko.

"Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya sa kaffara ne. Bi a sannu, ba sauri muke ba."

Har Ƙauyen Alu babu abin da ya fito daga bakinta sai addu'a. A wayar Rukayya raƙuma suka yi ta tafiya a jere, ko tuntuɓe babu. Washegari ma haka, ba Rukayya a motar amma Husaina ba ta canza ba. Ta fara zuba masa kunu a ƙaramar kula, abin da ba ta taɓa yi ba sai da gori. Likita ta ce abin ya lafa, alhamdu lillahi, amma in ya sake dawowa ko sau ɗaya ne, magana ta ƙare.

To ga Baba Zakariyya da makullinsa a aljihu, da lafiyarsa a rubuce, da ciyamancinsa ba ko ƙwarzane. Abin da ake buƙata gare shi kawai ya yi shiru ya bar Husaina ta ci gaba da girmama shi.

Mutum yana iya jure rashin lafiya. Jure ladabin taubashi sai wanda Allah ya zaɓa. Tafiyar da a da ba ya sanin an yi ta, yanzu ta koma kamar rakiyar gawa. Ya fara jin kowane rami. Goro ya daina yi masa daɗi. A tasha ya yanke wa Nura, wani ɗan Gumel mai yawan surutu, hukuncin komawa ƙarshen layi saboda ya yi atishawa da ƙarfi. Yaran suka fara raɗe-raɗin cewa ciwon ya taɓa kan ciyaman.

Wata La'asar, sun wuce gadar Dangi, Husaina ta ce, "Sannu, Malam Zakariyya," karo na ba adadi. Ya ji abin ya kai masa wuya.

"Wannan kunun da kike ba ni," in ji shi, idonsa a kan titi, "na gane dalilin da ya sa asibitin nan ba ya rabuwa da marasa lafiya."

Ya ji kulolin baya sun motsa.

"Me ka ce?"

"Jiya na zuba wa kyanwar maƙwabta. Ta shinshina ta binne shi."

Husaina ta ja numfashin da in da akwai filasta a jikinta, da an kira taron gaggawa.

"La ilaha illallahu! Bawa ya samu baki! Ni da nake lallaɓa ka kamar ƙwai, ashe dafaffe ne, ruɓaɓɓe ma! Kai da talotalo ya mayar da kai taɓarya a rumbu? Kawu da ya zo ya ga ƙafafu biyu a sama cewa ya yi, wa ya shuka wannan, kuma yaushe za ta yi 'ya'ya?"

Ta yi ta zubawa har ƙofar gida, bashin kwanaki da riba. Baba Zakariyya ya datse haƙora, hawaye na taruwa a idonsa, ransa fari ƙal. Ya san abin da wayar aljihunsa take aikawa. Ya ga ya biya.

Da ya koma tasha kafin Magariba, Rukayya tana tsaye a gindin bishiya da kayan aikinta, ko gida ba ta je ba. Ta miƙa hannu. A gaban yaransa duka ya zare makulli ya ba ta. Aka tura adaidaitar gefe aka rufe ta da leda.

"Jibi zan turo mota a kwashe kayanka," in ji ta. Idonta ya yi ja. Ba mugunta take yi ba, kuma wannan ne ya fi ciwo.

Washegari da safe ya hau adaidaitar Nura a matsayin fasinja, abin da bai taɓa yi ba, ya je ya nemo Abdulmalik. Ya ja shi bayan wani gini, ya duba hagu da dama kamar mai sayar da kayan sata.

"Yaro, wannan zanen naka. In mutum yana... in wani abu ya ba shi... in ya riƙe bai bari ta fito ba. Yaya take fitowa a allon?"

"Wace ce ba ta fito ba, Baba?"

Ya faɗi kalmar a hankali, har sai da Abdulmalik ya matso da kunne.

"Dariya?"

"Rage murya."

Abdulmalik ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya buɗe allo ya daɗe yana kallo. Ya ce sun koya wa na'urar tari, sun koya mata atishawa da minshari da shaƙuwa, har dariya sun koya mata, amma irin wadda ake yi da baki a buɗe. Ba wanda ya kawo musu wadda aka kulle a ciki. Murna ta kama shi kamar an yi masa haihuwa.

"Baba, wannan sabon abu ne! Sai mun rubuta shi!"

"Ka rubuta, in rubuta ka. Makullina nake so."

Likita ta ce magana mai kyau ce, amma ba a mayar da direba kan titi da labari, sai an gwada an gani. Aka kira Husaina ɗakin likita aka ce ta ba shi dariya. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan? Dariya? Shekara nawa ina zuba masa kamar mai ban ruwa a rairayi? Ku dai nemi ciwonku a wani wurin." Da aka matsa mata ta ce, "Ni ba na iyawa ana kallona, ga warin magani. Kuma ba da fuskarsa na saba ba. Ƙeyarsa nake yi wa magana. Ku kai ni mota."

Motar kuwa tana tasha, a rufe da leda, makulli a jakar Rukayya.

Haka aka yi bayan La'asar, a tsakiyar Gyaɗi-Gyaɗi. Aka yaye leda. Baba Zakariyya ya zauna a mazaunin direba ya kama hannun tuƙin motar da ba ta tafiya. Husaina ta hau baya, ta ce a sa mata kulolinta don ta ji daidai. Abdulmalik ya tsaya gefe da allo, Rukayya ta maƙala wa mahaifinta wani ɗan abu a yatsa mai auna iskar jini. Babu wanda ya gayyaci 'yan tasha, saboda haka duk suka zo. Fasinjoji suna kiran Zoo Road, Zoo Road, ba mai kula su.

Husaina ta gyara murya.

"Bawana, ja mu je. Au, na manta, an karɓe maka. Jama'a ku gani, direba ba makulli, kamar ango ba wando."

Yaran suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Ƙeyar ciyaman ko gezau. Amma a kan allo layi ya tsaya, ya fara karkarwa.

"Ga shi!" in ji Abdulmalik. "Wallahi shi ne! Sista, duba!"

Husaina ta leƙo. "Mene ne shi?"

"Wannan tsinin, Hajiya, maganarki ce. Yanzu ya fito."

Ta ƙura wa allon ido. Ta sake gwadawa, a hankali, kamar mai jefa tsakuwa a rijiya don ta ji zurfi. "Talotalo."

Layin ya yi tsalle.

"Talotalon Kawu."

Ya yi tsalle biyu.

"Kai!" Ta dafe ƙirji. "Zakariyya! Ashe duk shekarun nan ina ci kana ɓoyewa? Ɓarawo! Azzalumi! Ka bar ni ina komawa gida ina cewa bakina ya mutu?"

Rukayya ba ta yi dariya ba. Ta zagayo gaban motar ta dubi mahaifinta. Fuskarsa ta kumbura, jijiyoyin wuyansa sun tashi, idonsa ya kaɗa.

"Ni abin da nake gani," in ji ta, "mutum ne ya kasa numfashi. Wanda ya shaƙe ma haka yake yi. Na ga irinsu da yawa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin dariyar Baba ba, ba zan karɓe ta daga allo ba." Ta fito da makullin ta riƙe shi a sama. "In dariya ce, in ji ta da kunnena."

Baba Zakariyya ya dubi makulli. Ya dubi yaransa, fuskoki a jere, duk wanda ya taɓa mayarwa ƙarshen layi yana nan a sahun gaba. Ya dubi 'yar da bai taɓa kiran sunanta ba. Ya ƙara datse haƙora, don sabo ba ya jin shawara.

Husaina ta matso dab da ƙeyarsa. Ta sassauta murya kamar mai isar da saƙon mutuwa.

"Ban taɓa gaya maka ba, don kada hankalinka ya tashi. Ranar da za a yanka talotalon nan ina wurin. An kwantar da shi, an ɗora wuƙa. Kawu ya ce, kana da wasiyya? Ya ɗago kai, hawaye a idonsa, ya ce, ku gaya wa Zakariyya na yafe masa. Ni tambayar hanya kawai na zo yi." Sai ta kumbura kumatu, ta karkaɗa wuya, ta yi kukan talotalo da dukkan ƙarfinta: "Gulu-gulu-gulu-gulu!"

Abin ya fara ne kamar injin da ya shekara a ajiye. Tari biyu, wata ƙara kamar ana jan ƙarfe a siminti, shiru. Sannan ya kama. Baba Zakariyya ya kifa kai a kan hannun tuƙi ya kece da dariya, mai kauri, mai tsatsa, har hularsa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin mota. Ya ɗago don ya tsaya, ya haɗa ido da Husaina a madubi, ya sake komawa. Haƙoransa kuwa suna nan cif, jajaye da goro. Wani mai gyaran waya ya fito da gudu yana tambayar wa aka kaɗe.

Nura ne ya fara bin sa, sai tashar duka ta ɗauka. Rukayya ta rufe baki da mayafi, tana dariya tana kuka, tana kuma duban abin yatsan, don nas ce ko a gidan biki. Iskar jininsa ba ta ragu ba ko kaɗan.

Da ƙura ta lafa ta durƙusa ta ɗauko hular ta kaɗe, ta sa makullin a ciki ta miƙa masa da hannu biyu.

"Sharaɗi ɗaya, Baba. In ta zo, ka bar ta ta fito. Riƙewar ce ba na so a kan titi."

"Na ji, Sista," in ji shi, yana goge ido da bakin riga. Ya juya ga yaran ya haɗe fuska. Ta haɗu, amma ba kamar da ba, kamar ƙofar da aka taɓa ɓallewa. "Ku kuma me kuke jira? Fasinja na tsaye."

Ba zan ce mulkinsa bai girgiza ba. Hikimarsa gaskiya ce, wanda ya yi dariya ana yi masa. Har yau in ya juya baya akan samu wani marar kunya ya yi gulu-gulu a ƙasan maƙoshi, ya kuma tsinci kansa a ƙarshen layi. Sai dai da zaɓen ƙungiya ya zagayo ba wanda ya tsaya takara da shi. Nura ya ce ba za su ba da ciyaman da suka sha wahalar gyarawa ba.

Abdulmalik ya koya wa na'urarsa sabon darasi. Husaina kuma ta mayar da shi ɗan aike, duk inda ta gan shi a bakin asibiti sai ta tare shi da kofin kunu ta ce ya nuna mata tsinin jiya, ta ga wace magana ce ta fi tsawo. Ta faci ce take kan gaba, talotalo na biye.

Da gwajin ya ƙare aka ɓare filastar, ta bar ɗan farin wuri a ƙasan haƙarƙarinsa. Da La'asar Husaina ta hau baya tana ƙunƙuni.

"An cire mini shaidata. Yanzu wa zai gaya mini in na ci?"

Baba Zakariyya ya murɗa makulli, ya sa giya, suka hau titi. Kafin su kai gadar Dangi, masu sayar da lemo a bakin hanya sun fara waiwaye, suna neman adaidaitar da injinta ke irin wannan ƙara.